Shafinmu ya ci 98 a Lighthouse, amma makafin ajin sun tsaya a darasi na uku

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin masu ilimin abin. Ƙungiyar da nake wa aiki a nan Kaduna tana horar da malaman firamare, kuma bana mun mayar da rabin horon kan intanet, a Moodle, wato manhajar da ake ɗora darussa a kanta. Ba karatu zalla ba ne, akwai abubuwan da sai ɗalibi ya taɓa da hannunsa: tambayoyin zaɓi, wasan jawo kalma a ajiye ta a gurbinta, bidiyon da ke tsayawa a tsakiya ya jefo tambaya, hoton aji da ake danna wurare a jikinsa bayani ya fito, sai jarrabawar ƙarshe mai agogo. Masu ba mu tallafi sun ce kafin su saki kuɗin zango na biyu mu kawo rahoto a kan ko masu buƙata ta musamman na iya amfani da waɗannan abubuwa. Yaron da ya gina mana shafin ya gwada da Lighthouse, wata manhaja da ke duba shafi da kanta ta ba shi maki, ya turo min hoton sakamako, 98 cikin 100, ya ce in manna a rahoto shi ke nan. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don a cikin waɗanda suka yi rajista akwai makafi biyu da kurma ɗaya, kuma makafin duk ba su wuce darasi na uku ba. To wannan 98 ɗin ta isa? In ba ta isa ba, ta yaya ake auna irin wannan abu?

Dan_Rigasa:
Wa alaikumus salam. Hajiya 98 fa! Mu da a makaranta 45 muke roƙon Allah ya ba mu. Ki manna kawai ki karɓi kuɗinki.

Injiniya_Kakuri:
Dan_Rigasa kada ka jefa baiwar Allah cikin matsala. Maman Ilham, fara tambayar yaron naki wane shafi ya gwada. Sau tari shafin farko ake gwadawa, wanda ba komai a kansa sai tambari da wurin sa suna da kalmar sirri. Lighthouse shafi ɗaya yake dubawa a lokaci ɗaya, kuma a yanayin da shafin ya buɗe. Ba ya kunna bidiyo ya jira tambaya ta faɗo, ba ya jawo kalma, ba ya amsa kwiz ya ga abin da zai biyo baya. Wato daidai wuraren da kike tambaya a kansu su ne bai leƙa ba.

Abin da yake iya kamawa shi ne hoton da ba a rubuta masa bayani ba, rubutun da launinsa ya yi kusa da na bango, akwatin cikewa marar suna, da makamantansu. Yana da amfani, ban raina shi ba. Amma in aka rubuta wa hoto bayani "hoto1" zai ba ki maki cikakke, don bai san ma'ana ba, ya ga dai an cike gurbin. Shi kansa Lighthouse ɗin, a ƙasan sakamakon, yana jero abubuwan da ya ce sai mutum ya duba da kansa. Yawanci ba a gangarawa can.

Gwajin da ba ya cin ko sisi: ki zare linzamin kwamfuta ki sa shi a durowa, ki yi darasi guda daga farko har ƙarshe da kibod kaɗai. Tab don matsawa gaba, Shift da Tab don komawa baya, Enter ko Space don dannawa, Esc don rufe akwatin da ya buɗo. Ki lura da abu uku. Kina ganin inda kike a kowane lokaci? Kina iya kai wa ga kowane maɓalli? In kin shiga wani abu, kina iya fitowa?

Mal_Tanimu:
Salamu alaikum. Ni makaho ne, malamin makaranta, kuma da TalkBack, manhajar da ke karanta min allo da murya, nake karanta wannan zauren a wayata, a kwamfuta kuma da irinta, NVDA. Bari in ba ku labarin yadda bidiyo mai tambaya yake a kunnena, don masu ido ba za su taɓa lura da shi ba.

Na taɓa shiga wani kwas na koyar da lissafi. Ina sauraren malamin yana bayani, sai kawai shiru. Ba ƙara, ba sanarwa. Na jira. Na ɗauka sabis ne, na tashi na koma bakin taga. Shiru. Na ce to data ce ta ƙare, na sayi wata. Har yanzu shiru. Sai da 'yata ta dawo daga Islamiyya ta duba ta ce, Baba ai tambaya ce a kan fuskar wayar take jiranka. Akwatin ya fito a ido, amma TalkBack bai san ya fito ba, don wanda ya gina abin bai tura hankalin manhajar zuwa kansa ba. Da na shafa na same shi, zaɓi huɗu ne, amma abin da nake ji shi ne "botin, botin, botin, botin", duk ba suna. Na danna ɗaya bisa sa'a. Ita ta ga alamar kore ta fito, ni ban ji komai ba. Ko na ci ko na faɗi, sai da aka faɗa min.

Saboda haka Malama, in za ki auna, kada ki tsaya a kan "ana iya danna shi?" Ki tambayi: da abin ya fito, an sanar da ni? Da na danna, an gaya min sakamako? Da na gama, ina aka ajiye ni, inda na tsaya ko can saman shafi inda zan sake shafa abu arba'in kafin in dawo?

Maman_Ilham:
Allah ya gafarta Malam, na gode ƙwarai. Yanzu na buɗe jadawalin darussan, darasi na uku shi ne inda wasan jawo kalma ya fara fitowa, kuma mun saita shi sai an ci shi darasi na huɗu yake buɗewa.

Mal_Tanimu:
To kin ga ƙofar da aka kulle. Ba ƙwazo suka rasa ba.

Kawo_Dev:
Ku bari in ɗan kare abokin sana'ata tunda ba ya nan. Ba kowane jawo-ka-ajiye ba ne matsala. Wanda yake cikin kwiz na Moodle, na jawo kalma cikin jimla, yana aiki da kibod: Tab ya kai ka gurbi, sai ka yi ta sauya zaɓi da maɓalli har ka samu wanda kake so. In kuma H5P, wato kayan haɗa irin waɗannan wasannin, aka yi amfani da shi, su ma suna da jeri a shafinsu da ke nuna wane nau'in wasa suka gwada da manhajar karanta allo, wane ne kuma bai dace ba. Sai a duba jerin kafin a zaɓa. Mu masu gini ana ba mu aiki da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, a ce a gama cikin sati biyu, sannan a dawo a ce mun zalunci makafi. Ma'aunin da duniya ke bi wajen sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet shi ne WCAG 2.1, kuma abin da ya nema shi ne abu ya yi aiki da kibod. In ya yi, an fita haƙƙi.

Injiniya_Kakuri:
Kawo_Dev an wuce nan. WCAG 2.0 ya fito a 2008, 2.1 a 2018, sannan W3C, ƙungiyar da ke tsara shi, ta fitar da 2.2 a Oktoban 2023. A cikin sababbin sharuɗɗan 2.2 akwai wanda ya shafi ja kai tsaye: duk abin da ake yi da ja, dole a samu hanyar yin sa da taɓawa kawai, ba tare da ja ba, misali ka taɓa kalmar sannan ka taɓa gurbin. Akwai kuma na girman wurin dannawa, kada ya gaza fiksel 24 a tsaye da 24 a kwance, sai in akwai isasshen fili tsakaninsa da na kusa da shi. Dukansu a matakin AA suke, na tsakiya a matakan WCAG, wanda shi ne matakin da masu ba da tallafi suka fi nema.

Kuma ka yi tunanin malaman firamaren da Maman Ilham ke horarwa. Mutum nawa ne a cikinsu ke da kwamfuta? Da Tecno da Itel da Infinix suke kwas ɗin. Ina kibod a nan? Abu ya yi aiki da Tab a laftof ɗinka ba hujja ba ce cewa zai yi a waya da TalkBack.

Kawo_Dev:
Batun waya na yarda. Amma a biya mu kuɗin gwaji a kan waya ɗin, shi ma aiki ne.

Alhaji_Mando:
Ni fa ina da ja a kan duk wannan. Malama, mutum nawa ne a kwas ɗin gaba ɗaya?

Maman_Ilham:
Sun ɗan haura ɗari biyu, ranka ya daɗe.

Alhaji_Mando:
To saboda mutum uku za a rushe gini? A sa musu wanda zai zauna da su ya karanta musu ya danna musu. Haka muka taso muna gani, kowane makaho da ɗan jagoransa. Kuɗin da za a kashe a gyara ya isa a horar da wasu malamai hamsin. Ba rashin tausayi ba ne, lissafi ne.

Mal_Tanimu:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Wanda zai zauna da ni ƙarfe goma na dare in na gama shirin darasin gobe, wa zai ba ni shi? Sannan jarrabawa ce fa. In yaro ya karanta min zaɓi huɗu, muryarsa kaɗai tana iya nuna min amsa, in kuma ya danna ba daidai ba ni ne na faɗi. Gobe a ba ni takardar shaida wani ya ce ai ɗansa ne ya yi masa. Ni malami ne, ina son makin da na ci ya zama nawa.

Kuma ba alfarma ba ce. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba mu haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumar masu nakasa ta ƙasa. JAMB ma da ta koma jarrabawar kwamfuta ba ta ce makafi su zo da 'ya'yansu ba, kwamiti ta kafa na musamman da ke shirya musu tasu.

Anti_Rabi:
Alhaji ƙara da ni ka samu huɗu. Ni idona lafiya lau in da tabarau, kunnena ma haka, kuma ba zan taɓa cike fom in rubuta ina da nakasa ba. Amma tun da hawan jini ya ɗan taɓa ni hannun dama yake rawa. Wannan jawo kalmar, in na ɗora yatsa na fara ja sai ta suɓuce ta koma inda take, ko shafin gaba ɗaya ya gangara. Akwai malamai irina da yawa, masu shekara hamsin da wani abu, da rubutu ƙanana ke wahalarwa. Wasu fuskar wayarsu a tsage take, rabin ta ba ta jin taɓi. Mutum ukun nan su ne kawai suka rubuta sunansu.

Nas_Badarawa:
Gaskiyar Anti. Ku ƙara da masu matsalar bambance launi, musamman ja da kore, ta fi yawa a maza, kuma da yawa ba su ma san suna da ita ba. In kwiz ya nuna daidai da kore, kuskure da ja, ba wata kalma ko alama, su duk ɗaya suke gani. Abu na biyu, duk wani abu mai walƙiya, irin taurarin da ke tartsatsi in an ci tambaya, a kula kada ya wuce sau uku a daƙiƙa ɗaya saboda masu farfaɗiya. Wannan ba kwalliya ba ce, yana iya kayar da mutum.

Zee_Barnawa:
Ni kurma ce. Kowa yana maganar makafi, mu ana cewa ai kuna gani, me ya dame ku. Bari in faɗi nawa. Bidiyo in ba rubutu a ƙasa, bakin malami kawai nake kallo yana motsi. In an sa rubutun da na'ura ke yi da kanta, malaminmu yana Turanci yana sirka Hausa, da ya ce "kun gane ko?" sai rubutun ya kawo wata kalmar Turanci da ba ta da alaƙa da darasi. Sai tambaya ta fito a kan abin da ya faɗa da baki. Ta ina zan sani?

Wani abu kuma, a waya akwatin tambaya ko maɓallan bidiyo suna rufe rubutun. Wani wasan kuma da ƙara yake nuna ka ci ko ka faɗi. A gwada da murya a kashe gaba ɗaya, a ga ko mutum zai iya cin kwiz ɗin.

Kuma a sani, yawancinmu yaren hannu ne harshenmu na farko, Turanci na biyu ko na uku. Umarni mai tsawo da manyan kalmomi yana ba mu wahala. A gajarta.

Maman_Ilham:
Zee ƙanwata, in muka sa mai fassara da hannu a gefen bidiyo ya fi rubutu?

Zee_Barnawa:
Duka biyu in da hali, Anti. Amma ki tambayi ɗalibinki wanne ya iya. Wanda ya yi makarantar kurame yaren hannun makaranta ya koya, mai tushe daga na Amurka. Wanda ya tashi a gari cikin kurame maganar hannu ta Hausa yake yi. Ba ɗaya ba ne. Kuma kada a sa mai fassarar ya zama ɗan mitsitsi a lungu, a waya ba a ganin yatsunsa.

Dan_Rigasa:
Ni fa duk ba wannan ba, babbar nakasar ita ce data da wuta. Bidiyo ɗaya ya cinye maka rabin gig, kana tsakiyar jarrabawa a ɗauke wuta, sabis ya tafi da ita. A unguwarmu in ana ruwan sama sai dai ka haƙura.

Baban_Sadiq:
Wallahi kuwa. Mu a Hayin Banki sai mutum ya hau bene. Kuma kuɗin data tun da aka ƙara bai sauko ba. Wa ya san layin da ya fi ƙarfi a wajen Rigachikun? Zan koma can da zama.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar Malama. Batun layi a buɗe masa nasa zaren.

Injiniya_Kakuri:
Shugaba, akwai inda maganar Dan_Rigasa ta haɗu da tamu, wato agogon jarrabawa. Mai sauraren tambaya da kunne ya fi mai karantawa da ido daɗewa, musamman in sai ya koma ya sake jin zaɓin farko. WCAG ya ce in akwai iyakar lokaci a ba mutum damar kashe ta ko ƙara ta, sai dai in lokacin shi ne ainihin abin da ake aunawa. A Moodle malami na iya ƙara wa ɗalibi ɗaya lokaci ba tare da ya taɓa na sauran ba, saitin yana nan a cikin kwiz. Sai ki duba abu biyu: in sabis ya yanke, amsoshin da aka riga aka bayar suna nan? Kuma agogon, TalkBack yana ta karanta shi kowace daƙiƙa yana katse tambaya, ko kuma bai faɗinsa sam har lokaci ya ƙare? Dukansu na gani.

Amma a rahoto ki raba su. Matsalar data sashe daban, matsalar masu nakasa sashe daban. In kika gauraya, za a gyara ta data a ce an gama.

Dr_Unguwar_Rimi:
Na karanta duka, kuma akwai ɓangaren da ba a taɓa ba, wanda ni a wurina ya fi na fasaha wuya. Ko da kowane maɓalli ya yi magana, tambayar ita ce: ɗalibin da ya bi ɗaya hanyar, abu ɗaya aka auna a kansa da sauran?

Misali, taswirar Najeriya, a ce "danna jihar Kaduna". Mai gini ya ji an ce a sa wa komai suna, sai ya sa wa kowace jiha sunanta. Makaho ya shafa ya ji "Kaduna" ya danna. Ya ci, amma ba a auna komai ba, amsar aka raɗa masa. In kuma ba a sa sunan ba, ba zai iya ba sam. Mafita ba ta wurin mai gini take ba, tana wurin malamin da ya tsara darasin. Me yake son ya sani? In yana son ya ga ko ɗalibi ya san inda Kaduna take a tsakanin maƙwabtanta, sai ya tambaya: a cikin Katsina, Neja, Filato da Jigawa, wacce ce ba ta da iyaka da Kaduna? Wannan kowa zai iya amsawa, kuma sai wanda ya sani zai ce Jigawa.

Haka wasan jawo kalma. In manufar ita ce haɗa kalma da ma'anarta, jan ba ya cikin ilimin, ado ne. Jerin zaɓi mai saukowa zai yi aikin. Ni shawarata a ba kowa hanya ɗaya mai sauƙi, maimakon a yi wa masu ido wasa mai kyau a jefa wa makafi wata takarda a gefe. Irin takardun nan na gefe, da an sabunta darasi ake mantawa da su.

Koyo daga nesa ba baƙo ba ne a garin nan. NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, tun 1976 aka kafa ta, kuma da littattafai ta horar da malamai masu ɗimbin yawa daga nesa. Abin da ya sauya shi ne yanzu darasin yana neman ka taɓa shi kafin ya bar ka ka wuce.

Kawo_Dev:
Dakta, in aka cire duk wasannin ai kwas ɗin ya koma fom. Masu tallafin nan su ne fa suka ce a sa abubuwan da za su ja hankali.

Dr_Unguwar_Rimi:
Ban ce a cire duka ba. Na ce kada a ɗaura maki ko buɗe darasi na gaba a kan abin da wani ba zai iya taɓawa ba.

Baban_Sadiq:
Akwai wani abu da na gani a shafukan Turawa, ɗan maɓalli mai hoton mutum a gefe, in ka danna ya ƙara girman rubutu ya sauya launi har ya karanta maka. A saka shi mana a huta.

Mal_Tanimu:
Baban Sadiq, ina roƙonku da girman Allah kada a saka. Ni ina da mai karanta min, na saba da muryarsa da saurinsa. In shafi ya kawo nasa sai su biyun su yi ta magana a tare. Kuma maɓallin da ba shi da suna, wannan abin ba ya san sunansa, sai dai ya yi hasashe.

Injiniya_Kakuri:
A 2025 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa wani kamfanin da ke sayar da irin wannan ya biya dala miliyan 1 saboda iƙirarin cewa manhajarsa na mayar da kowane shafi daidai da WCAG. Gyara a cikin ginin ake yin sa.

Malama_Tudun_Wada:
Tambaya daga gefe. Wasu darussanmu da Hausa suke. Manhajar tana karanta Hausa kuwa?

Mal_Tanimu:
Muryar da nake amfani da ita ta Turanci ce, tana karanta Hausa kamar Bature sabon zuwa, amma kunne ya saba, ina ganewa. Inda nake shan wuya shi ne rubutun da aka yi da tsofaffin fon ɗin nan da ke ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan wasu alamomin kibod. A ido harafi ne, a kunnena sai in ji an ambaci baka ko sanda a tsakiyar kalma. A rubuta da haruffan Unicode na gaskiya. Mafi muni kuma shi ne littafin da aka ɗauki hotonsa aka mai da PDF, wannan a wurina farar takarda ce.

Maman_Ilham:
To ga abin da na tsara, ku gyara min. Zan bar sakamakon Lighthouse a rahoton amma in rubuta shafin da aka gwada. Zan ɗauki kowane nau'in abu guda biyar ɗin, in gwada da kibod kaɗai, da murya a kashe, da rubutu a ƙara girmansa ninki biyu, da TalkBack a ƙaramar waya. Sannan in kira malaman nan uku su yi darasi ina kallo, in rubuta: ya gama shi kaɗai, ya gama da taimako, ko bai gama ba, da inda ya tsaya.

Mal_Tanimu:
Ya yi kyau, da gyara biyu. Na farko, gwajinki da TalkBack ba zai maye gurbin namu ba. Ke za ki leƙa allo ko ba ki so, kuma abin da zai ba ki wuya don rashin sabo mu ba komai ba ne, abin da ke tsayar da mu kuma ƙila ki tsallake shi da ido. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, in suna gwadawa ki kama bakinki da hannunki. Da kin ce "ɗan matsa ƙasa kaɗan" gwajin ya lalace. Kuma su zo da wayoyinsu, ba taki ba.

A biya su kuma. Kuɗin mota da na data da na lokacinsu.

Alhaji_Mando:
Ikon Allah. A gyara domin su, kuma a biya su?

Zee_Barnawa:
Alhaji an biya wanda ya kawo 98.

Alhaji_Mando:
'Yar nan kin iya magana. Ni dai har yanzu ina son in ga lissafin kuɗin gyaran kafin in ce na yarda.

Kawo_Dev:
Sauya jawo kalma zuwa jerin zaɓi aikin yini ɗaya ne. Rubutun ƙasan bidiyo ne zai ci kuɗi, don sai mutum ya zauna ya saurara ya rubuta, kuma ya danganta da yawan awannin bidiyon. Maman Ilham awa nawa ne?

Maman_Ilham:
Zan tambayo in dawo muku. Abin da ban sani ba shi ne ko in rubuta wa masu tallafin gaskiyar cewa darasi na uku a kulle yake, ko in gyara tukuna sannan in aika.

Dr_Unguwar_Rimi:
Ki rubuta yadda kika same shi, da ranar da za a gyara.

Baban_Sadiq:
Ni kuwa na ce ta gyara tukuna. Ba kowane mai tallafi ke son jin gaskiya kafin ya sa hannu a cek ba.

Dan_Rigasa:
Jama'a taimako, daga wayar ƙanena nake rubutu. Na kunna TalkBack ɗin nan don in gwada, yanzu wayata sai surutu take, komai na taɓa ba ya buɗewa. Ya ake kashe shi?

Mal_Tanimu:
Danne maɓallan ƙara da rage murya tare na daƙiƙa uku. In bai mutu ba, taɓa abu sau ɗaya ka zaɓe shi, sau biyu da sauri ka buɗe shi, ka gangara da yatsa biyu har ka kai saitin. Amma tunda ka riga ka shiga, Maman Ilham ta turo maka darasi na uku ka fara gwada mana.